Neman kalma: me za mu kira "maison hantée" da Hausa?

Mai shiri: Assalamu alaikum ƴan uwa. Gobe da dare nake da shiri a rediyo, kuma dole in miƙa rubutuna kafin azahar. Batun shi ne fina-finan nan na Turawa da ake yi da kuɗi kaɗan, inda iyali ke barin birni su sayi tsohon gidan gona da araha, sai ƙofa ta riƙa buɗe kanta, ana jin takun mutum a bene ba a ganin kowa. Takardar da aka ba ni da Faransanci take, an sa film d'horreur à petit budget, an sa maison hantée. Ta biyun ce ta fi tsaya mini a rai. A taimaka don Allah.

Ɗan Birni: Gidan aljanu. Me ya yi wuya a nan?

Mai gidan kallo a Zango: Hajiya, ni da nake sa wa yara kullum, abin da suke cewa shi ne "a sa mana horo", wato horror na Ingilishi. Daga Kano kalmar ta zo tare da fina-finan fassara. Ki ce fim ɗin horo, kowa zai gane.

Malamin lakwal: A'a, ƙanena. Horo kalma ce mai gidanta, horon yaro, horon soja. Tsohuwa a Mirya, nan kusa da Damagaram, ta ji "fim ɗin horo" za ta ɗauka na tarbiyya ne ta kira jikokinta. Fim ɗin ban tsoro ya wadatar. Amma ni ina da shawara da na daɗe ina bayarwa: firgitau. Kamar yadda muke cewa mantau da makarau, sai mu ce majigin firgitau. Kalma ɗaya ce, tamu ce, kuma ba mu roƙi kowa ba.

Ɗalibar jami'a: Malam, da girmamawa, mantau ai shi ne mai mantuwa, ba mai sa a manta ba. Ke nan firgitau zai zama mai saurin firgita, wato ɗan kallo. Sannan majigin ma aro ne daga Ingilishi, daga fitilar nuna hotuna ta zamanin Turawa.

Malamin lakwal: Majigi ya kwana ya tashi a bakin kakanninmu, ya zama ɗan gida. Ƴata, tun Maris 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Faransanci ya koma harshen aiki. To in ba mu ƙera kalmominmu yanzu ba, sai yaushe? Kullum sai mu jira Kano ta yanka mana mu haɗiye?

Mai gidan kallo a Zango: Kano ba ta yi mana laifi ba, Malam. Su suka zauna suka fassara, mu muna saye. Wanda ya yi aiki shi ke raɗa suna.

Ɗan Birni: Damagaram da fadarta da tarihinta ba za a ce ba ta da bakin raɗa suna ba. Ka iya bakinka.

Mai shiri: Don Allah a dawo kan gidan. Yaya na Birni, na yi tunanin gidan aljanu, amma ga inda na tsaya. A yawancin fina-finan nan wanda ke damun gidan mutum ne da ya mutu a ciki, matar da aka kashe ko yaron da ya faɗa rijiya, kuma ba ya barin wurin sai an tono abin da ya faru. In na ce aljani, labarin ya lalace, domin aljani bai taɓa zama mutum ba.

Ɗalibar jami'a: Shi ne fatalwa. Tana cikin ƙamus na Bargery tun 1934. Gida mai fatalwa.

Liman na unguwa: Ƴata mai shiri, ki yi hankali da abin da za ki faɗa wa jama'a. Wanda ya mutu yana barzahu, ba ya dawowa ya buga ƙofar kowa. Abin da mutane ke gani a kango ko gindin tsamiya su kira fatalwa, aljani ne ya ɗauki kama. In kika ce gida mai fatalwa a rediyo ba tare da bayani ba, kamar kin tabbatar da abin ne.

Mai shiri: Allah gafarta Malam, na ji, kuma zan faɗa a farkon shiri cewa wannan tunanin masu fim ne. Sai dai aikina in gaya wa mai sauraro abin da ke cikin fim ɗin yadda yake. Akwai ma waɗanda a ciki shaiɗani ne ke shiga jikin uwar gida a kira fada, wato limamin coci, ya yi mata irin tasu ruƙiyyar. Waɗannan kam aljanu ya dace da su. Ka ga kalma ɗaya ba za ta ɗauke su duka ba.

Ɗan Birni: To kangon aljanu?

Ɗalibar jami'a: Kango ba kowa a ciki, rufin ma ya zube. Kufai kuma wurin da gari ya tashi ne. Wannan gidan da mutane a ciki, suna dafa abinci, yara na kwana. Abin tsoron ke nan, sun zuba duk abin da suka mallaka a gidan, ba su da wurin gudu.

Mai gidan kallo a Zango: Batun petit budget fa, kar ki ce fim mai araha, za a ɗauka kuɗin kallo ne. Ki ce mai ƙaramin jari. Kuma shi ya sa suke son gida ɗaya a daji: wuri ɗaya, ƴan wasa biyar ko shida, duhu ya rufe abin da babu kuɗin nunawa, ƙarar ƙofa da numfashi su yi sauran aikin. Paranormal Activity na 2007 da dalar Amurka 15,000 aka ɗauke shi, a canjin yau bai kai sefa miliyon 10 ba, ya kawo sama da dala miliyon 190. Sai dai shi gidansa a cikin gari yake. Na daji sosai shi ne The Evil Dead na 1981, ƴar bukkar katako a jihar Tenesi.

Mai shiri: Na gode, ƙaramin jari ya zauna. Ga abin da zan rubuta: fina-finan ban tsoro masu ƙaramin jari. Gidan kuma, inda matacce ne in ce gida mai fatalwa, inda shaiɗani ne in ce gida mai aljanu, tare da bayanin da Liman ya nema.

Liman na unguwa: Bayanin ya zo kafin kalmar, ba bayanta ba.

Ɗan Birni: Ni dai har gobe gidan aljanu zan ce.

Malamin lakwal: Kalma shida a wurin da ɗaya za ta isa. Ban yarda ba, amma shirinki ne. In firgitau bai yi ba, a duba firgitarwa, mako mai zuwa zan kawo misalai.