Wai mi ya hana damben gargajiya shiga Olamfik?

Dan Argungu: Salamu alaikum jama'a. Jiya a majalisa wajen mai shayi munka yi gardama har dare, wani na cewa Olamfik duk shekara biyu ake yi ni ko na ce hudu. Kuma mi ya sa babu dambenmu ko kokawar gargajiya ciki alhali har rawa sunka sa a Faris 2024?

Baban Hauwa, Jega: Wa alaikumus salam. Kai ke da gaskiya, hudu ne tun da aka farfado da ita a Atina ta Girka a 1896, sai dai akwai ta wasannin kankara da ke fadowa tsakani, kila ita abokinka ya gani. Ta Tokyo ma korona ta tura ta 2021.

Na Gusau: Dambe kam sai yana da hukumar duniya wadda kwamitin Olamfik na duniya (IOC) ya yarda da ita kuma ana yin shi kasashe da yawa, mu ko namu daga kara sai kalangu hhh. Rawar nan masu masaukin baki ne sunka roka aka kara musu.

Baban Hauwa, Jega: Ku yara ba ku ga kwallon Najeriya a Olamfik ta Atlanta 96 ba wallahi, Barazil na gaba 3-1 Kanu ya zo ya yi aiki munka ci 4-3, sannan Ajantina 3-2 a karshe. Janareto daya gare mu a unguwa, mai ya kare ana cikin wasa.

Dan Argungu: Allah ya saka Baba, yau sai ya biya kudin shayi.