Taƙaitawa: Wane Littafi Za a Fara da Shi?

Jama'a, maganar da muke yi kan littafin Hausa da ya kamata sabon mai karatu ya fara da shi ta yi tsawo, ga abin da na tsinto:

1. Kusan kowa ya ce mai farawa ya ɗauki Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Labaran gajeru ne, Hausar ba ta da ƙaya.

2. Littattafan gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933, wato su Ruwan Bagaja, Ganɗoki da Shaihu Umar, sun sami goyon baya sosai. Wasu sun ce Shaihu Umar ya fi taɓa zuciya saboda batun bauta da uwar da ta bi sawun ɗanta, wasu kuma sun ce ya yi musu nauyi.

3. A kan littattafan soyayya na kasuwar Kano aka fi ja-in-ja. Masu kare su sun ce su suka sa mata da yawa son karatu. Masu suka na kukan rashin tacewa da maimaita jigo ɗaya. Ni dai ina ganin kowa da gaskiyarsa.

4. Masu son ban tsoro sun ce labaran aljanu da mayu na gida sun fi na Turawa tayar da tsikar jiki. An dai ja kunne: kada a ba yara da dare.

5. Aro halal ne, amma a riƙa mayarwa.