Lif daga ƙasa zuwa sararin samaniya: zai yiwu ko zancen shan shayi ne?

Auta: Jama'a, tun 2012 kamfanin Obayashi na Japan ya ce zai kafa lif zuwa sararin samaniya nan da 2050. Babu roka, igiya kawai za a bi a hau. Ni dai na gaskata.

Alhaji: Kai Auta, a jikin me za a ɗaure igiyar? Gajimare?

Injiniya: Ranka ya daɗe, tambayar ba nan take ba. Tauraron ɗan Adam da ke nisan kilomita 35,786 saman layin ikwaita, wanda ya raba duniya gida biyu, yana zagaye daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa kwanon talabijin ɗinka ba ya motsi. Daga can za a sako igiyar. Matsalar ita ce ƙarfe nauyin kansa ma zai tsinka shi. Shi ya sa aka sa rai ga siraran bututun kabon, masu suna nano, da masanin kimiyyar Japan Sumio Iijima ya bayyana a 1991, sun fi ƙarfe ƙarfi nesa ba kusa ba, ga rashin nauyi.

Malama: Injiniya, faɗi sauran mana. Bututun da Jami'ar Tsinghua ta Sin ta yi ta alfahari da shi a 2013 rabin mita ne da ɗoriya, ko yadi bai kai ba. Obayashi kuwa kilomita 96,000 yake nema! Kuma da zarar an murɗa su sun zama zare sai ƙarfin ya zube, don silin suna zamewa a jikin juna.

Auta: To ashe nano ɗin duk burga ce kenan, Malama?

Malama: A'a ƙanina, kar ka haɗa. Kumbon Juno da ya isa duniyar Jufita a 2016 an sa wa wasu sassansa shimfiɗar wannan kabon don kare shi daga tartsatsin lantarki. Aikin da kabon ɗin yake yi kenan yau, shiru-shiru, ba lif ba.

Alhaji: Tauraron ɗan Adam na jami'ar Akure fa da aka harba a 2017? Shi ma nano na ji ana ce masa.

Injiniya: Wancan ƙanƙantarsa ake nufi, Alhaji, ɗan akwati ne mai santimita 10. Amma Malama, ban sallama ba. A duniyar wata ƙarfin da ke jawo abu ƙasa kashi ɗaya ne cikin shida na namu, zaren da ake da shi yanzu ma zai iya ɗauka.

Malama: Obayashi ba wata ya yi mana alkawari ba.

Alhaji: Ku dai fara hawa. In kun sauko lafiya ku kira ni.