Samfuri ɗaya, bairos biyu: wanne zan ɗora wa ciwon?

Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'aikatan lafiya. Don Allah ku taimaka mini, abin nan ya tsaya mini a rai kwana uku ke nan.

Ina tattara sakamakon gwajin majinar hanci da maƙogwaro na masu alamun mura mai zafi. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na bi: zazzaɓi da ya kai digiri 38, ga tari, kuma ciwon bai wuce kwana 10 da farawa ba. Inda na maƙale shi ne, gwajin PCR, wanda ke gano ƙwayar halittar bairos, yakan fito da bairos biyu a samfuri guda. Jiya ma na wani yaro ya zo da infuluwenza A da rainobairos (bairos ɗin da ya fi haddasa mura ta yau da kullum) tare. Lambar Ct (yawan zagayen da injin gwajin ke yi kafin ya gano bairos, ƙaramar lamba na nufin bairos ɗin yana da yawa) ta infuluwenzar 22, ta ɗayan kuwa 35, wato da ƙyar injin ya hango shi.

To, in rubuta shi kamuwa biyu ne, ko kuwa rainobairos ɗin ragowar tsohuwar mura ce? Na san burbushinsa kan daɗe makonni a hancin yara bayan sun warke. Abokin aikina ya ce in ɗauki mai ƙaramar lamba kawai in wuce. Raina bai kwanta ba, tunda kowane bairos da irin ma'auninsa a gwajin.

Maganin bai dame ni ba, oseltamivir dai infuluwenza kaɗai yake kamawa. Rubutawar ce matsalata. Ku da kuka saba, a ina kuke jan layi? Ko sai na sake ɗaukar samfuri bayan mako guda?