Haɗa makunnin zaɓen batir a jirgin ruwa mai inji biyu

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jirgina mai inji biyu ne, kowane inji da batirinsa, kuma ina shirin ƙara na uku saboda fitilu, rediyo da firji. Ina roƙon waɗanda suka taɓa wannan aiki su gaya mini yadda suka tsara makunnin nan na zaɓen batir mai 1, 2, BOTH (batira biyun tare) da OFF (a kashe).

Wani makaniki: Wa alaikumus salam, Malam. A jiragen da nake gyarawa na daina sanya irin wannan makunni, domin mai jirgi yakan bar shi a BOTH, ya tsaya ya kwana fitilu na ci, gari ya waye batira biyun duk sun mutu tare. Yanzu kowane inji nakan ba shi makunnin kunnawa da kashewa nasa, sannan in ƙara makunni na uku mai haɗa batira biyun, wanda ba a taɓa shi sai batir ɗaya ya kasa tayar da injinsa. An taɓa kawo mini jirgin da aka juya makunninsa zuwa OFF alhali inji yana aiki, na buɗe altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, na tarar diyod ɗinta, ƙananan sassan da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, sun ƙone, har ƙauri yana tashi.

Mai jirgin kamun kifi: Gaskiyar oga ce. Ni batirin fitilu na haɗa shi da na inji ɗaya ta hanyar rile, wato wani makunni mai aiki da kansa, wanda yake haɗa su idan caji ya wuce kimanin volt 13, ya kuma raba su idan an kashe inji. Famfon kwashe ruwa kuwa kai tsaye yake kan batir da fis ɗinsa, don ya yi aiki ko makunnai suna kashe.

Wani direban jirgi: Malam, ka kula da ɓangaren nagetif, wanda mutane suka fi mantawa. Na sayi jirgi na tarar an haɗa injinan biyu da siririyar waya, kuma duk lokacin da aka tayar da ɗaya da batirin ɗayan sai ta yi zafi har robarta ta yi laushi. Na canza ta da kebul mai kauri daidai da na sitata, na cire notunan da ake ɗaurewa da yatsa na sa na sifana, kuma tun lokacin injin yake tashi a bugu ɗaya.