Makaɗin da ke bin mawaƙa yawo da wanda ke aiki a sutudiyo: wace hanya ta fi?

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum, yayyena. Na taso a gidan makaɗan kalangu a Garwa, amma shekara uku ke nan ina koyon kiɗan gangunan zamani, waɗanda ake kaɗawa da hannu biyu da ƙafa biyu. Yanzu wani mawaƙi ya nemi in bi shi zagayen wasanni zuwa Marwa da Njamena, a daidai lokacin da wani mai sutudiyo ya yi mini tayin zama wurinsa ina kaɗa wa duk mawaƙin da ya zo ɗaukar waƙa. Shin mutum zai iya haɗa biyun, ko dole sai ya zaɓi guda?

Tsohon Makaɗi daga Marwa:
Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ana haɗa su, kuma ƙasarmu Kamaru ta ba da misali. Brice Wassy, haifaffen Yawunde, ya yi shekaru yana bin Manu Dibango, daga baya ya bi Salif Keita na Mali, sannan a 1991 ya yi aikin sutudiyo da mai gogen nan na Faransa, Jean-Luc Ponty, a wani faifai da aka gina a kan kiɗe-kiɗen Afirka. Amma ka sani aikin biyu ba halinsu ɗaya ba ne. A dandali ana yafe maka ƙaramin kuskure muddin jama'a suna rawa, alhali a sutudiyo na'ura ce take ƙidaya maka bugu a kunne, kuma idan ka yi gaba ko ka yi baya kaɗan, sai a sake ɗauka, mai waƙa kuwa yana biyan kuɗin kowace awa. Wanda ake sake kira shi ne wanda ya iya saurare, ya kaɗa wa mai makosa makosa, mai bikutsi bikutsi (salon kiɗa ne biyu na Kamaru), ya kuma rage hannu inda waƙa ba ta bukatar gwaninta. Kalangun da ka gada ba ƙaramin jari ba ne, domin ya riga ya koya maka bin muryar mawaƙi.

Ɗiyar Njamena:
Baba ya yi bayani a kan hannu da kunne, ni kuma zan taɓo aljihu. Tony Allen, wanda aka haifa a Legas a 1940, ya kaɗa wa Fela Kuti tun daga 1964, kuma babu mai musun cewa bugunsa ne ƙashin bayan kiɗan Afrobeat, amma duk da haka ya rabu da ƙungiyar a ƙarshen shekarun 1970, kuma batun kuɗi yana cikin dalilan rabuwar. Daga baya ya zauna a Faris yana aiki da mawaƙa iri-iri, har da Damon Albarn na Ingila da Hugh Masekela na Afirka ta Kudu, kafin rasuwarsa a 2020. Saboda haka, ƙanena, kada ka hau mota sai kun yi magana a gaban shaidu kan ladan kowane dare da abinci da masauki da kuɗin komowa gida.

Ɗan Garwa:
Na gode, Baba, na gode, Yaya. To, a sutudiyo fa, ana sa sunan makaɗi a jikin waƙa?

Tsohon Makaɗi daga Marwa:
Sau da yawa ba a sawa sai ka nema, domin an saba a sallami makaɗi da ladan wuni a wuce wurin. Ka nema tun kafin a fara ɗauka, saboda da wannan sunan ne wani mawaƙi a Duwala zai ji bugunka ya aiko a kira ka. Ni da zan ba ka shawara, ka bi zagayen nan tukuna, ka roƙi mai sutudiyo ya jira ka har ka dawo daga Njamena.