Shawarwari a zaure: tsohon ɗan bindigar nan na Clint Eastwood, a ƙarasa shi ko a goge?

Auwal Ƙarami: Assalamu alaikum 'yan zaure. Masana kaboyi ku taimaka. An tura min Unforgiven, an ce babu kamarsa. Na yi nisa da shi ban ga harbin kirki ba, wani dattijo kawai nake gani yana ta zamewa a taɓon aladu, ko dokinsa ya kasa hawa. In ci gaba ko in goge in samu wuri a waya?

Baban Ilham: Wa alaikumus salam. Kar ka goge. Wannan faɗuwar da ta ba ka haushi, da gangan aka yi ta.

Sadiq Mai Waya: Goge abinka Auwal. Ni na kai ƙarshe, awa 2 da 'yan mintuna, faɗan gaske bai wuce na ƙarshen nan ba. In harbi kake so ka nemi The Good, the Bad and the Ugly na 1966. Shi ne dai Eastwood ɗin, amma lokacin yana ji da ƙarfinsa, taba a baki, ba ya kuskure.

Kawu Sale: Sadiq, ɗana, wanda ka ambata ɗin nan mu a silima muka gan shi a Kano, lokacin da in akta ya zaro bindiga duk gidan sai ya ɗau ihu. Saboda mun ga wancan ɗin ne wannan ya kama mu. Eastwood an haife shi a 1930, fim ɗin ya fito a 1992, ka ga ya haura 60 ke nan. Rubutun labarin kuwa tun shekarun 1970 David Webb Peoples ya yi shi, Eastwood ya saye ya ajiye har sai da shekarunsa suka kai na mutumin. William Munny, dattijon da kake gani, wanda Eastwood ya fito a matsayinsa, a labarin ya kashe mata da yara a ƙuruciyarsa, a cikin maye yake aikata yawancinsu. Matarsa Claudia ce ta raba shi da giya da bindiga, sai agana ta kashe ta, ta bar shi da yara 2 da gonar da ba ta ciyar da su a Kansas. Talauci ne ya fito da shi neman ladan dala 1,000. To mutumin da ya daɗe bai taɓa bindiga ba, ka ce ya harbi gwangwani ya samu a karon farko?

Sadiq Mai Waya: Allah ya ja kwana Kawu, na ji. Amma mu kallo muka zo, ba ta'aziyya ba.

Maman Hanif: Ni abin da ya tsaya min a rai duk ba ku taɓo shi ba. Matar da aka yayyanka wa fuska, Delilah, me ta samu? Little Bill, mai riƙe da doka a garin, ya zo ya duba, sai ya yanke cewa samarin 2 da ake tuhuma da yankan su biya dawakai. Wa za a ba? Mai gidan da matan suke zama, wai an lalata masa jari. Ita mai raunin ko a tambaye ta. Shi ya sa matan suka haɗa 'yan kuɗaɗensu suka sa lada a kan samarin. Da an yi hukuncin gaskiya tun ranar, da Munny yana can yana fama da aladunsa. Kuma abin da ya ƙara ba ni tausayi, ƙaramin cikinsu, Davey, ba shi ya riƙe wuƙar ba, har ya kawo wa Delilah doki na musamman don ya ba ta haƙuri, sauran matan suka kore shi da jifa. Ita ba ta ce uffan ba. Duk jinin da aka zubar da sunanta, ba a nuna ta nemi ko ɗigo ba.

Baban Ilham: Hajiya kin gama magana. Kuma a lura, Little Bill ba irin bos ɗin da muka saba ba ne. A ganinsa shi ne mutumin kirkin garin. Ya hana shiga garin nasu, Big Whiskey, da bindiga, yana gina gidansa da hannunsa duk da rufin yoyo yake ta ko'ina. Gene Hackman ya ci kyautar Oscar a kan wannan rawar, fim ɗin gaba ɗaya ya ɗauki 4, har da ta gwarzon fim da ta darakta.

Auwal Ƙarami: Yaya Baban Ilham, kun fara ba ni labarin ƙarshe fa.

Maman Hanif: Yi haƙuri ƙanena, tsallake saƙonnin ƙasa sai ka gama. Sannan shawara ga kowa: ba na falo ba ne. Farkonsa a gidan mata masu zaman kansu yake, akwai maganganun da ba za ka so yara su ji ba.

Malam Nura: To Auwal ya rufe ido, ni tambaya gare ni. Shin Munny ya tuba kuwa? Duk tafiyar yana ta nanata cewa shi ba mutumin da ba ne, matarsa ta gyara shi. Amma mun san tuba tana da sharuɗɗa: nadama, da dainawa, da ƙudurin ba za a koma ba, da mayar da haƙƙi. Nadama dai yana da ita, har fuskokin waɗanda ya kashe yake tunawa. Amma yaro ɗaya ya zo ya ambaci kuɗi, ya bar 'ya'yansa su kaɗai a daji ya bi shi. Da aka kawo labarin an kashe abokinsa Ned da bulala, ko magana bai gama ji ba ya karɓi kwalbar ya kafa kai. A ganina bai canza ba, matar ce ta danne abin, da ta mutu sai ya jira dalili.

Kawu Sale: Malam, ban ƙi taka ba, amma ka duba wurin da suka harbi Davey a cikin duwatsu. Ned da ya fi kowa saiti ya ɗaga bindiga ya kasa. Munny ya karɓa ya yi ta kuskure, da ya samu kuma a ciki ya same shi, yaron yana kwance yana roƙon ruwa. Wa ya ɗaga murya ya ce a kai masa ruwa ba zai harba ba? Munny ne. Munny na can baya bai iya wannan ba. Na yarda ya koma, amma ya koma yana sanin abin da yake yi, kuma wannan ya fi ciwo.

Malam Nura: Ya fi laifi ma, Kawu.

Kawu Sale: Shi ya sa sunan fim ɗin bai yi masa alkawarin yafiya ba.

Sadiq Mai Waya: Wato dai tubabben ɗan bindiga. Mu ma ai mun san irinsu.

Baban Ilham: Sadiq kar ka ja mu can, zauren fim ne. Ni wanda ya tuba da gaske a wurina shi ne yaron, Schofield Kid. Ya zo yana cika baki ya kashe mutum 5, ashe ko nesa ba ya gani. Da ya kashe na farkonsa, mutumin ma yana tsugune a masai, sai ga shi a gindin bishiya yana kuka, ya miƙa bindigar ya ce ya bari. Auwal, in ka gama kana son wani mai irin wannan nauyin, nemi The Shootist na 1976. Shi ne fim ɗin John Wayne na ƙarshe. Tsohon maharbi ne likita ya gaya masa yana da ciwon daji, ya kama ɗaki a Carson City a 1901 yana neman inda zai mutu da mutuncinsa, amma kowa so yake ya ci riba da sunansa, daga ɗan jarida har mai binne gawa. Wayne da kansa ciwon daji ne ya yi ajalinsa a 1979, sai kallon ya zama wani iri. Don Siegel ne darakta, kuma shi da Sergio Leone ne Eastwood ya sadaukar wa Unforgiven a ƙarshensa.

Sadiq Mai Waya: Wani majinyacin kuma? Ku ba mu mai motsi don Allah.

Kawu Sale: To kai ga naka: The Wild Bunch na 1969, na Sam Peckinpah. Tsofaffin 'yan fashi ne a 1913, zamani ya wuce su, ga mota ga bindiga mai jigida, suka tsallaka Meziko. Jini kam za ka gani har ka ce ya isa. Amma ka sani shi ma maganar tsufa yake yi, ya dai fi surutu ne.

Issoufou na Maraɗi: Ina gaishe ku, da hwatan kuna lahiya. Ni The Gunfighter na 1950 nika ba mutane, na Gregory Peck, baƙi da hwari ne kuma gajere. Mutumin ya gaji da suna, yana zaune cikin mashaya yana jiran ya ga matarsa da ɗansa, kowane yaro mai jin kansa na son ya kashe shi don ya gaji sunan. Kuma tunda ana zancen kaboyi, mu ma nan Nijar muna da namu: Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier a 1966, wani saurayi ya dawo gida da akwati cike da kayan kaboyi ya raba ma abokansa, suka dame ƙauye. Ba na tsoho ba ne, amma ku neme shi ku sha dariya.

Maman Hanif: Wannan ban taɓa jin sa ba, Malam Issoufou. Da wane yare?

Issoufou na Maraɗi: Wanda na gani da Faransanci ne Hajiya, amma ko ba ki ji za ki gane, bai kai awa guda ba.

Malam Nura: A sababbi akwai Old Henry na 2021. Manomi ne shi ma, matarsa ta rasu, yana zaune da ɗansa a Oklahoma a 1906, sai ya tsinci wani da rauni da jakar kuɗi. Ya fi Unforgiven sauri, Sadiq zai iya jure shi. Amma ni ina ganin ya yi wa tsohon gata da yawa, da ya ɗau bindiga sai ka ji kana masa tafi, abin da Eastwood ya ƙi bari mu yi cikin daɗin rai. Kada wanda ya faɗi ko wane ne Henry, duk daɗin yana nan.

Sadiq Mai Waya: Shi zan fara nema. Mai shi ya taimaka da ƙarami, datata ta kusa ƙarewa.

Baban Ilham: Akwai wanda ya ga Unforgiven ɗin da Japanawa suka sake yi a 2013, wanda Ken Watanabe ya fito? Sun mayar da labarin Hokkaido, takobi a maimakon bindiga. Ina da shi amma ba rubutun fassara a ƙasa, in wani yana da mai fassara ya yi min magana ta gefe.